Mai Tantan, Jan Fenti Ba Suna Ba Ne

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, manoma da 'yan kasuwa, muna roƙonku ku ba mu aron hankalinku a wannan mako bisa wata magana wadda in an ji ta da fari sai a ce ƙarama ce, amma kuwa kowace shekara tana cin kuɗin mutane, tana kuma cin abin da ya fi kuɗi tsada, watau kwanakin damina. Maganar ita ce ta mutanen da suka mallaki motar noma, wadda muke kira tantan ko tarakta, amma ba su san irinta ba, ba su san lambarta ba, sai ran da ta lalace su tashi su nufi kasuwa sayen kayan gyara da ka.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai kayan gyara da farkon damina, a kasuwannin ƙarfe irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya san wannan hira. Mutum zai zo da sassarfa, gumi na zuba, ya yi sallama ya ce, "Alhaji, fistin da ringi nake so, na tantan." Mai rumfa ya ce, "Wace iri, Malam?" Ya ce, "Ja ce." Ya ce, "To, ta wane kamfani?" Ya ce, "Massey ce mana, irin wadda kowa ke da ita." Ya ce, "Lamba nawa?" Nan fa sai mutumin ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Kai dai ba ni na babbar. Irin ta Alhajin garinmu ce sak." Shi kuwa mai rumfa bai taɓa ganin Alhajin garinsu ba, balle motarsa. In mai tsoron Allah ne sai ya ce, "Malam, koma ka dubo lamba." In kuwa wanda ciniki ya rufe wa ido ne, sai ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko kwalin da ya fi daɗewa bai fita ba, ya kakkaɓe masa ƙura, ya ce, "Ga shi, ai duk ɗaya ne." A ƙasan rasit kuwa an riga an buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Abin da muka gani da idonmu

Ba labarin ƙanzon kurege muke ba ku ba. Bara waɗansu mutanenmu, manoma 12 a wani ƙauye, suka zo mana da kuka. Shekara uku suka yi suna adashi har suka sayi tsohuwar tantan tare, suna noma gonakinsu da ita, suna kuma ba da ita haya. Ruwan shuka ya sauka, ta yi kwana huɗu tana haro, sai ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, daga nan ta tsaya. Bakanike ya kwance injin ya ce sai an sake fistin da ringi da metal. Suka tara kuɗi suka aiki wani saurayi birni, ba su ba shi kome ba sai kuɗin da sunan kamfani. Ya sayo ya kawo, fistin ya ƙi shiga raminsa, ya yi girma. Ya koma, mai rumfa ya nuna masa ƙasan rasit. Suka ci bashi, ya sayo wani. Wannan karon fistin ya shiga, amma metal ya yi sako-sako, gama mai motar na farko ya taɓa kai karanshaf an goge shi, ba wanda ya gaya musu. Sai tafiya ta uku. Kafin tantan ɗin nan ta sake tashi an yi kwana tara.

Da muka tambaye su ina takardar motar, sai suka dubi juna. Muka je ƙauyen da kanmu, muka nemi tsumma da ɗan kananzir, muka goge gefen injin inda giris da ƙura suka daskare. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga lambar nan ɓaro-ɓaro, an buga ta a jikin ƙarfe tun ran da aka ƙera shi. Shekara biyu tana hannunsu, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya duba.

To, jama'a, wa ya yi asara a cikin kwana taran nan? Masu motar sun yi, ba shakka. Amma akwai waɗanda suka fi su, watau ƙananan manoma da suka riga suka ba da kafin alƙalami suna jiran layi ya zo kansu. A ƙasar Kano da maƙwabtanta damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekarar ma ba ta cikawa. Wanda ya makara da shuka da kwana tara, ya san abin da zai gani a rumbu da kaka. Akwai wata tsohuwa mai riƙon marayu wadda ta gaji da jira ta koma ta ɗauki fartanya, ta yi rabin gonar, rabin ya zauna saura. Ita ba ta da tantan, ba ta taɓa shiga Ƙofar Ruwa ba, amma rashin sanin wani ya shiga tukunyarta. Shi ya sa muka ce wannan magana ba ta masu mota kaɗai ba ce, ta dukan mai cin tuwo ce.

Kama da wane ba wane ba ne

Bari mu fara da launi, tun da shi mutanenmu suka fi riƙewa. Massey Ferguson ja ce. Mahindra ta Indiya ita ma ja ce. Steyr, wadda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, ja da fari ce. Ford da New Holland shuɗi ne, Sonalika ma shuɗiya ce. John Deere kore da rawaya ce, Deutz ita ma koriya ce. Saboda haka wanda ya ce "ja ce" bai faɗi kome ba, kamar mutumin da ya ɓatar da akuya ya je gaban mai unguwa ya ce akuyarsa mai ƙafa huɗu ce.

Sunan kamfani ma bai isa ba. Ku ji tarihin Massey ɗin nan da kowa ke ambato. Wani Bature mai suna Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, shi ya fito da dabarar ɗaura garma a bayan tantan da hannuwa uku, ƙarfin mai yana ɗaga ta yana saukewa. Daga 1946 zuwa 1956 aka ƙera ƙaramar motarsa mai ruwan toka a birnin Coventry na Ingila, fiye da guda dubu 500. A 1953 kamfaninsa ya haɗu da Massey-Harris na Kanada, daga nan sunan ya samo asali. Bayan mai ruwan toka aka fito da mai lamba 35. To, ita 35 ɗin nan, mai shan gas, kafin 1959 injin kamfanin Standard ne a cikinta, mai fistin huɗu. Daga 1959 aka koma sa mata injin Perkins mai fistin uku. Ga suna ɗaya, ga fenti ɗaya, ga lamba ɗaya a jikin bonet, amma ɗaya fistin huɗu, ɗaya uku. In wannan ya faru tun zamanin kakanninmu, yaya kuke zato yanzu da aka yi shekara fiye da 60 ana ta fito da sababbi?

Ku ɗauki 375, wadda ta cika ƙasar nan. An fara fito da jerin masu lamba 300 a Ingila a 1986. Masana'antar Coventry ta daina ƙera tantan a ƙarshen 2002. Amma kamfanin Millat na birnin Lahore a Pakistan yana ƙera Massey masu lamba 240 da 260 da 375 da 385 da izinin masu sunan. A Indiya kamfanin TAFE ya fara ƙera Massey tun shekarun 1960, a Brazil ma ana ƙerawa. Duk ja ne, duk suna ɗaya. Kayansu da yawa suna shiga juna, waɗansu kuwa ba sa shiga. Mai 375 wanda bai san ko tasa 'yar Ingila ce ko 'yar Pakistan ba, caca yake yi da kuɗinsa duk ran da ya shiga kasuwa.

Sa'an nan ga maganar inji, inda mutanenmu na ƙauye suka faɗi. Perkins yana da inji da ake kira 4.236, yana kuma da wani 4.248. Ma'anar lambar ba wuya: 4 ɗin farko yawan fistin ne, sauran kuwa girman cikin injin ne da awon inci. Haka 3.152, fistin uku ke nan. In ka ajiye 4.236 da 4.248 gefe da gefe, daga waje da ƙyar ka bambanta su. Amma faɗin ramin fistin na farkon kimanin milimita 98.4 ne, na biyun kimanin 101. Bambancin bai kai ƙwayar dawa ba, amma shi ya tsai da mota, ya aiki yaro birni sau biyu. Alhali kuwa a injunan Perkins waɗanda ba su tsufa ainun ba, haruffa biyu na farkon lambar sun isa su raba gardama: wanda ya fara da LD, 4.236 ne, wanda ya fara da LF, 4.248 ne, mai fistin uku na 152 kuwa sau da yawa za ka ga CE. Haruffa biyu tak, waɗanda ɗan firamare zai iya kwafewa a tafin hannunsa.

Haka abin yake a kowane sashe na motar. Faifan kuloci akwai mai inci 11, akwai mai 12, akwai mai 13. Famfon da ke ɗaga garma a tsofaffin Massey, wani sandarsa haƙora 10 ne, wani 21. Sandar nan ta baya mai juyawa, wadda ake haɗa injin casa ko na feshi da ita, mai juyi 540 a minti haƙoranta 6 ne, mai juyi 1000 kuwa 21. Ƙusar da ke riƙe garma a hannuwan ƙasa, ta ƙananan motoci milimita 22 ce, ta matsakaita 28. Tsofaffin motocin Ingila notinsu da awon inci aka yi, na Italiya da na Jamus da awon milimita. Sifana mai lamba 13 za ta hau kan noti mai rabin inci, amma da sauran motsi, in aka matsa sai ta cinye masa kai. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da launin fenti zai gaya maka.

Lambobi uku

Abin da muke kira gare shi ba karatun injiniya ba ne. Lambobi uku ne kawai.

Ta farko ita ce lambar iri, wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe a gefen bonet, kamar 135 ko 290 ko 375. Amma fa a kula, wannan ita ce mafi sauƙin yi wa ƙarya. Sitika ce, ana sayar da ita a kasuwa. Tsohuwar mota ta gwanjo takan sha sabon fenti, a manna mata lambar da ta fi tata daraja, a sayar wa wanda bai sani ba. Bonet ma kansa ana ciro shi daga wata a ɗora wa wata.

Ta biyu ita ce lambar jiki, wadda direbobi ke kira lambar shasi. Tana kan wani ɗan allon ƙarfe da aka kafe, sau da yawa kusa da sitiyari ko a gefen gangar motar. Ita ce ke nuna ainihin irin motar, da inda aka ƙera ta, da zubin da ta fito a ciki. Kamfani yakan canza wani abu a tsakiyar zubi, littafin kayan gyara ya ce daga lamba kaza zuwa kaza ga abin da ke shiga, daga nan gaba kuma wani ne. In ba ka da wannan lamba, ko littafin na gabanka bai amfane ka ba.

Ta uku ita ce lambar inji, wadda aka buga a jikin injin kansa. Kada wani ya ce ta biyu ta wadatar. Motar da ta yi shekara 30 tana aiki, ta bi hannu huɗu ko biyar, ba mamaki injin da ke cikinta yau ba shi ne wanda ta fito da shi ba.

Bayan waɗannan, kusan kowane ƙaramin abu yana ɗauke da tasa lamba. Famfon gas yana da allonsa. Matatar mai da fambel an rubuta musu a jiki. Taya in an ce 16.9-30, faɗinta ke nan da girman ƙarfen da take hawa, da awon inci. Boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, mai 6206 kuwa 30, watau a irin waɗannan ka ɗauki lambobi biyu na ƙarshe ka ninka sau biyar. In kuma an taɓa goge karanshaf, sai a san ko an kai shi 10 ne, ko 20, ko 30, domin metal ɗin da za a saya tilas ya dace da gugar.

Uzurin da ake kawo mana

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce, "Mu ba mu yi boko ba." Haba, jama'a! Mutumin da ya haddace lambar wayarsa mai baƙi 11, da ta matarsa, da ta dillalinsa, ya kuma haddace lambar asusunsa na banki mai baƙi 10 ba ya kuskure ko ɗaya, shi ne zai ce lambar tantan ta gagare shi? In ka je kara sayen sa, ba ka cewa a ba ka "fari". Kana sanin Bunaji ne ko Bokolo ko Rahaji, kana buɗe bakinsa ka ƙirga haƙora, kana zagaya shi ka dubi kofato. Mai hatsi a Dawanau daga nesa yake rabe kaura da farfara. Mai yadi a Kwari da taɓawa yake gane shadda gangariya da jabu. Duk wannan sani ba a aji aka koye shi ba. Ashe ba boko ne ya hana ba, raini ne, ana ganin ƙarfe kamar ba dukiya ba ne. Alhali tantan guda ta fi garken shanun mutane da yawa tsada.

Waɗansu kuma za su ce, "Ai wannan aikin bakanike ne, ko na direba." Muna girmama kanikawanmu, da yawansu sun san injin nan kamar yunwar cikinsu. Amma bakanike yana tafiya, yana ciwo, yana mutuwa. Direba yau yana wurinka, gobe ya sami wanda ya fi ka biya. In sanin motarka duk yana cikin kan wani, to, ba kai ke da ita ba, riƙo aka ba ka. Kuma mu faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: maigidan da bai san abin da ake saya masa ba, shi ake kawo wa tsohon kaya a wanke da fetur a ce sabo ne, shi ake rubuta wa kuɗin gangariya a sa masa jabu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma masu cewa, "Allon ya ɓalle, lambar ta goge." Wannan yakan faru. In haka ne, sai a ɗauki tsohon abin da ya lalace a tafi da shi kasuwa, a aza shi kusa da sabon, a gwada, a ƙirga haƙora, a auna rami. In ya yi nauyin ɗauka, ga waya a aljihun kowa: a ɗauki hotonsa ta kowane gefe, da hoton motar, a aika wa mai rumfa ta WhatsApp kafin a biya kuɗin mota. Amma wanda zai sayi tantan yau ya tarar ba allo, lambar inji kuma an kankare ta, to, ya tsaya ya yi tunani. Lamba ba ta kankare kanta. Kada ka sayi rigima da kuɗin adashinka, wata rana 'yan sanda su zo da mai ita na gaskiya.

Gare ku, 'yan kasuwa

Ku 'yan'uwanmu masu rumfunan kayan gyara, da yawanku kuna karanta wannan jarida, kuma ba mu ɗauke ku abokan gaba ba. Mun san jarinku ne a kan kanta, mun san in aka ɓare kwali aka shafa wa abu baƙin mai ba ya sake sayuwa, shi ya sa kuke ƙin karɓar mayarwa. Amma ku duba: ribar da aka ci a kan rashin sanin baƙauye riba ce ta rana ɗaya. Mutumin zai koma garinsu ya faɗa a majalisa, ya faɗa a tasha, ya faɗa a wurin suna, har sunan rumfarka ya riga ka zuwa ƙauyen da ba ka taɓa takawa ba. Wanda kuwa ka ce masa, "Baba, ajiye kuɗinka, kira gida a karanto maka lamba," ka yi asarar cinikin awa ɗaya, ka sami abokin ciniki na shekara goma, da shi da 'yan garinsu.

Saboda haka muna ba ku shawara uku. Kada ku sayar da kayan cikin inji sai an gaya muku lamba ko an kawo tsohon. Ku rubuta a rasit lambar abin da kuka sayar da irin motar da aka ce za a sa wa, domin in gardama ta tashi a san mai laifi. Ku kuma faɗa wa mai saye gaskiya in abu na kamfani ne ko kwaikwayo ne, ya zaɓa da idonsa a buɗe gwargwadon aljihunsa. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa suna iya mai da wannan ƙa'ida a tsakaninsu ba sai sun jira wata doka ba.

Rabon hukuma a cikin laifin

Ba za mu rufe ba sai mun juya ga masu mulki, gama su ma da nasu kason. Tun shirin ciyar da ƙasa na 1976, da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari na 1980, ake sayen tantan da kuɗin jama'a. A wancan zamani an kafa masana'antar harhaɗa Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, kanikawa suka saba da su, 'yan kasuwa suka san abin da za su ajiye. Daga baya sai abin ya zama kowace gwamnati da irin tata. Wannan ta kawo daga gabas, mai bi mata ta kawo daga yamma, a jera su a fili, a kira makaɗa da 'yan jarida, a miƙa makullai. Makulli ake miƙawa, ba mu cika ganin an miƙa littafi ba. In ma akwai littafin, da Turanci yake, yana kulle a durowar wani ofis. Bayan damina biyu sai ka bi ta bayan ma'aikatar gona ka gan su a jere, tayoyi sun sace, ƙadangaru na shan hantsi a kan bonet, wata kuwa abin da ya kashe ta bai fi a saka a aljihu ba.

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. Duk tantan da za a raba ko a sayar da sunan jama'a, ta zo da kati ɗaya mai ɗauke da lambobin nan uku, da jerin kayan da suka fi saurin ci da lambobinsu, cikin Hausa, da boko da ajami. Kada a sayo irin da ba ta da wakili mai ajiye kayan gyara a cikin ƙasa. Akwai cibiyar injunan noma ta ƙasa a Ilorin wadda gwada irin waɗannan motoci yana cikin aikinta, a riƙa jin ta bakinta kafin a sa hannu a kwangila. Malaman gona kuma, in sun fita rangadi, su koya wa ƙungiyoyin manoma inda lamba take, kamar yadda suke koya musu awon taki.

Abin yi tun yau

Amma kada mu zauna jiran hukuma, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da aikinmu rubutu ne da ajiyar takardu, mun ga yadda ɗan littafin da bai kai kuɗin goro ba yake kashe rigimar da ta fi ƙarfin dattawa. Duk mai tantan, da duk ƙungiyar da ta mallaki ɗaya, ku yi wannan tun rani bai wuce ba. Ku wanke motar. Ku nemo lambobin nan uku, ku sa yaro mai karatu ya kwafe su sau biyu, wani ya karanta yana dubawa, gama sifiri da harafin O suna ruɗi, haka 8 da B. Ku rubuta su a littafi, ku ɗauki hotonsu a waya, ku ba direba kwafi ɗaya, ku ajiye ɗaya inda kuke ajiye takardar gona. Duk ran da aka yi gyara, a rubuta kwanan wata, da abin da aka sa, da lambarsa, da inda aka saya. In an ɓare kwalin matata ko na boris kada a yar, a yanke wurin lambar a ajiye. In an kai karanshaf guga, a tambayi mai gugar lamba nawa ya kai shi, a rubuta. Ran da za ku sayar da motar, ku miƙa littafin tare da makulli, za ku ga ya ƙara mata daraja.

Haka kuma masu injin ban-ruwa, da masu injin niƙa, da masu injin casa, da masu janareto, maganar nan taku ce, gama ciwon ɗaya ne. Ku kuma ƙananan manoma masu biyan haya, kuna da bakin magana. Kafin ku ba da kafin alƙalami, ku tambayi mai motar, "Alhaji, an duba ta kuwa? In ta tsaya, ka san abin da za ka saya?" Tambayar ba rashin kunya ba ce, kuɗinku ne da daminarku.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa, da tasha, da dandali. Wanda yake da ɗan'uwa mai tantan, ya kai masa jaridar har gida, ya tsaya a kansa sai ya ɗauko tsumma da kananzir. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da da-na-sani. Amin.